Jagorar Mallakar Jif ɗin Iyali a Minanata

Jif ɗin iyali mota ce doguwa mai faɗi da tudu, mai layin kujeru uku, wadda ke ɗaukar mutum bakwai ko takwas a lissafin kamfanin da ya ƙera ta, sha huɗu kuma a lissafin unguwar Minanata ta Sakkwato. Nauyinta yakan kai tan biyu da rabi, tsawonta yana kai mita biyar, faɗinta kusan mita biyu. Waɗanda aka fi gani a titunan Sakkwato 'yan gidan Toyota ne: Land Cruiser da ƙanwarta Prado, da Sequoia, sai Lexus LX 570 ta masu hannu da shuni. Amurka ma tana da nata, irin su Ford Expedition da Chevrolet Suburban, wadda ake ƙerawa da wannan suna tun 1935. Wanda ya sayi 'yar Amurka yakan more daɗin kasancewa shi kaɗai ke da irinta a gari. Yakan kuma gane ma'anar hakan ranar da ya shiga neman kayan gyaranta.

Kafin a taya mota sai an tanadi dalili. Ba a taɓa jin magidancin da ya ce ya sayi jif don a gan shi ba. Dalilan da jama'a ke karɓa uku ne: iyali sun yi yawa, hanyar ƙauye ba ta da kyau, kuma ruwa yana kwanciya a layi da damina. Ya kamata mai saye ya haddace su, domin za a tambaye shi a masallaci da wurin aiki da majalisa. Ba a ambaton jif ɗin da maƙwabci ya shigo da ita bayan Sallah, ko da kuwa tun ranar barci ya ƙaurace wa mutum.

Motocin da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai sabuwa dal, wadda tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024, ta koma abin da gwamnati da manyan 'yan kasuwa kawai ke taɓawa. Akwai tokumbo, wato wadda ta gama aikinta a Amurka ko Turai ta zo hutawa a nan. Sai ta hannu, wadda ta gama hutun kuma ta sake yin wani aikin a Najeriya. Yawancin magidanta a tsakanin biyun ƙarshe suke zaɓe, kuma a nan ne dillali ke shigowa.

Dillalin mota mutum ne mai fara'a, wanda bai taɓa cin karo da mota mai aibi ba. Kowace jif da ke hannunsa ta wata Hajiya ce da ba ta fita sai zuwa Islamiyya, ko ta wani dattijon likita da ya ajiye ta a rumfa ya tafi Saudiyya. Zai buga bayanta da tafin hannu ya ce, “Ranka shi daɗe, wagga mota ba ta san wahala ba, ko inji ba a taɓa kwancewa ba.” Idan mai saye ya nuna inda fenti ya bambanta, rana ce. Idan inji ya yi tari, sanyin safiya ne, ko da a watan Afrilu ake. Kuma dillali ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai wanda ya kawo labarin motar, da wanda ya san mai ita, da wanda ya riƙe makulli, da wani da ba wanda ya san aikinsa amma yana nan tun farko, kuma kowannensu yana da haƙƙi a la'ada.

Akwai bincike na gaskiya da ya kamata a yi a wannan mataki. Kusan kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, galibi ana ganinta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake duba tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet, a ga ko ta taɓa haɗari, ko ambaliya ta taɓa shanye ta, domin da yawa daga cikin tokumbo a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su bayan an yanke musu ƙauna. Da ita kuma ake gane ko an mayar da agogon tafiya baya. Jif mai shekara goma sha biyar da agogonta ke nuna kilomita 60,000, ko dai Hajiyar nan ce da gaske, ko kuma wani mai kwamfuta ya yi mata gyaran shekaru. A ɗaga tabarmar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashi a ga ko indomin salansa yana nan, don yana da tsada kuma yana da masoya. A je da bakanike na amana. In aka ga bakaniken da dillalin sun gaisa har da tambayar iyali, a ɗaga cinikin zuwa gobe.

Takardu su ne rabin motar. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Sakkwato kuwa ba ta da nisa da Illela, Illela kuma tana kallon Birnin Ƙonni. Saboda haka jif mai arha fiye da kima, wadda aka ce takardun kwastan ɗinta “suna hanya”, tana iya zama mallakar mai saye har zuwa shingen kwastan na farko. Bayan wannan akwai rajista da lamba, da takardar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. In gilashin mai duhu ne, akwai izinin 'yan sanda. Duk a haɗa su a jaka ɗaya kusa da hannu, domin jami'in da ya bar ƙananan motoci goma suka wuce, ganin jif yakan tuna masa da aikinsa.

Matsala ta farko bayan ciniki ita ce ƙofar gida. Yawancin gidaje an auna ƙofarsu ne da ƙaramar mota, wasu ma da babur. Ranar da jif ta iso Minanata, yara na biye da ita, maƙwabta na fitowa suna cewa “Allah shi sa a kashe lafiya”, ba tare da fayyace wanda zai kashe wani ba, a ranar ake gano cewa madubanta biyu sun fi ƙofar faɗi. Mafita biyu ce. Ko a kira magini da mai walda a rushe ginshiƙi ɗaya, wanda galibi shi ne jikin bangon ɗakin baƙi, ko motar ta kwana a waje a ɗauki mai gadi. Masu hangen nesa suna zuwa kallon mota da igiyar awo a aljihu. Haka kuma a auna kwanar layi, da kwatar da ke bakin ƙofa, da haƙurin maƙwabcin da za a riƙa toshe wa hanya kullum.

Sai mai. A nan ne ake sanin wanda ya sayi jif da wanda jif ta saya. Inji mai silinda takwas, a cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, yakan yi kilomita biyar zuwa shida a lita ɗaya. Wasu samfuran Land Cruiser na da tanki biyu da ke cin lita 138. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A wannan farashi cika tanki sau ɗaya ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000. Shi ya sa gogaggen mai jif ba ya cewa a cika. Yana sauke gilashi kaɗan, ya faɗi kuɗin a hankali yadda na bayansa ba zai ji ba, ya ƙara da cewa sauri yake. Man dubu goma ba ya motsa allura, kuma fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa takan zama ɗaya daga cikin kayan adon motar. Ba laifi ba ne a sayi babur a ajiye a zaure don cefane da zuwa aiki, a bar jif ga Juma'a da ɗaurin aure. Manyan mutane da yawa haka suke yi, sai dai ba su faɗa.

Rabon kujeru ilimi ne mai zaman kansa, kuma littafin kamfani bai ce komai a kai ba. A gidan mata biyu ko fiye, kujerar gaba ba wurin zama ba ce kawai, matsayi ne. Wasu gidajen suna bin girki, wasu suna bar wa uwargida har abada, wasu magidantan kuma suna ɗora babban ɗansu a gaba don a zauna lafiya. In Inna za ta fita, magana ta ƙare, gaba tata ce, sai dai a tanadi 'yar kujerar tsuguno, domin hawa jif da ciwon gwiwa aiki ne. Layi na uku na yara ne, kuma abin da ya shiga can ba ya dawowa: ƙwallon dabino, bawon rake, takalmi wari ɗaya, robar fura da aka manta tun makon jiya. In an buɗe layi na uku, wurin kaya a baya yakan ragu har bai fi na buhu ɗaya ba, saboda haka dole a zaɓa tsakanin yara da kulolin abinci. Ba a zaɓa. Ana ɗora kulolin a cinyar yara.

Daga mako na biyu motar ta zama ta jama'a. Ita ce ta kai amarya, ita ce ta ɗauko alhazai daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti da ƙarfe biyun dare, ita ce ta zuwa ta'aziyya Wurno ko Tambuwal ko Gwadabawa. Ba a neman aro kai tsaye. Dattijo zai zo bayan Magariba ya gaisa, ya yaba motar, ya ce, “Ɗana, jibi za a kai ƙanwarka ɗakinta, mun ce ba mu da abin kunya tunda kana nan.” Ba a maganar mai a irin wannan zama, kuma wanda ya ta da ita ya shiga tarihin dangi. Uzurin da ke aiki ɗaya ne, a ce tana wurin bakanike. Amfaninsa shi ne sau da yawa gaskiya ne.

Kasuwa ma tana ganin motar. Ragon da ake tayawa a kasuwar Kara yana ƙara kuɗi da zarar mai shi ya hango daga inda mai saye ya sauko, haka tumatir, haka kuɗin faci. Ana shawartar mai jif ya ajiye ta nesa ya ƙarasa a ƙafa, ya kuma ɓoye makullin.

Gyara yana bin girman mota. Inda ƙaramar mota ke shan baƙin mai lita huɗu a juye ɗaya, babbar jif tana neman bakwai zuwa takwas. Tayarta ɗaya takan yi kuɗin ƙananan tayoyi biyu ko uku, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta tsufa bayan shekara huɗu da ƙera ta. Alƙaluma huɗu da ke gefen taya su ke nuna mako da shekarar, kuma ya kamata a karanta su kafin mai shago ya shafa mata man ƙyalli. Yanayin Sakkwato yana da nasa haraji. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana cin batir, yana gwada lagireto, yana kuma kashe na'urar sanyi daidai lokacin da azumi ya faɗo cikinsa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Wani bakaniken zai ba da shawara a cire abin daidaita zafin inji, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai motar ba ta saba da ƙasarmu ba. Kamfanin da ke sayar da irinta a hamadar Larabawa bai san da wannan hikima ba, kuma gara a bi kamfanin. Jif ta zamani cike take da wayoyi da kwamfuta, don haka in fitila ta kama a allon gaba, a nemi mai na'urar bincike. Mai liƙa baƙin salatif a kan fitilar ya fi arha, amma ba ya cikin masu gyara.

A doguwar tafiya ce jif ke biyan bashinta. Ramin da ke sa ƙaramar mota kuka, ita ko a jikinta, kuma tsofaffi kan isa Birnin Kebbi ko Argungu ba ciwon baya. Sai dai tudunta yana sa ta saurin kifewa in an karya kwana da gudu, nauyinta kuma yana sa birki ya ɗauki nisa kafin ta tsaya, abin da ya kamata a nanata wa matashin gida da ke ɗaukar makulli in maigida ya yi barcin rana. A hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuwa, a shekarun nan na rashin tsaro, motar da ke shelar arzikin mai ita ba abin so ba ce. Shi ya sa wasu da suka sayi jif saboda tafiya suke barinta a gida su shiga motar haya da tsohuwar riga.

Sayarwa takan zo bayan shekara biyu ko uku, galibi a lokacin biyan kuɗin makaranta. 'Yan gidan Toyota suna riƙe daraja, kuma faɗuwar naira takan sa a sayar da mota fiye da yadda aka saye ta, mutum ya yi ta murnar riba har sai ya je taya wata. Kafin a kai ta kasuwa a wanke inji, a share layi na uku da kyau, a cire salatif, a zuba man da zai kashe fitilar gargaɗi na yini ɗaya. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kuma tabbatar an canja sunan mai mota a rajista, don kada laifin wani ya zo yana sallama a ƙofar gida. Dangi za a shaida musu cewa an ba da odar wata babba, tana kan ruwa. Ƙofar da aka faɗaɗa ba ta komawa yadda take, saboda haka ƙaramar motar da za ta maye gurbi za ta riƙa shiga ba tare da an naɗe madubi ba.