Ungozoma Mai Gemu

Akwai wata cuta da ke kama malaman lakwal irina, wadda likita ba ya ganinta a awo. Mutum ya karanta shafi uku na wani abu da Faransanci, sai ya wayi gari yana tausayin duk wanda bai karanta ba. Tawa ta motsa ne a shekarar da mai ɗakina ta sami cikin fari. Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Agiye, inda ni kaɗai ne mai tabarau da biro biyu a aljihun gaba. Manoman aya da riɗi sun fi ni kuɗi nesa ba kusa ba, amma idan takardar hukuma ta zo, wurina suke kawo ta. Mutumin da ake kawo wa takarda kuwa ba zai yarda a ce akwai sha'anin da ya fi ƙarfin saninsa ba, ko da haihuwa ce.

A Gidan Rumji na kwaso abin, da aka tura ni gadin jarrabawa. Wani abokin aiki da muka kwana ɗaki ɗaya ya zuba mini kaya a salula: ɗan littafi guda, da muryar wata Bafaransa mai magana a hankali, igiyar teku tana kaɗawa a bayanta. Ya ce da wannan matan Turai suke haihuwa yanzu, ba allura, ba kuka. Mace ce ke koyon lallashin kanta da kanta, ta saki jiki gaɓa bayan gaɓa, hankalinta ya yi nisa, zafi ya zo ya tarar ba kowa a gida. A hanyar dawowa, kafin mota ta wuce Tsibiri na cinye littafin, kafin mu fita Maraɗi na zama gwani, muna isa Caduwa har na fara leƙen masu ciki a bakin tasha ina girgiza kai don tausayi.

A fada, majalisarmu ta shan shayi, na fara sauke lodin. Na ce musu wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya fitar da littafi a 1933 yana cewa tsoro ne ke ɗaure jikin mai naƙuda, ɗaurewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro, a yi ta zagaye. Na ce wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya je Tarayyar Sobiyet a 1951, ya ga ana koya wa mata numfashi bisa ilimin Pavlov mai gwaji da karnuka, ya koma Faris ya yaɗa abin da suka kira haihuwa ba zafi. Na jawo Alfonso Caycedo, ɗan Kolombiya da ya ƙirƙiro tasa hanyar kwantar da hankali a Madrid a 1960, na rufe da Marie Mongan ta Amurka wadda ta tsara nata darasin a 1989. Mai dafa mana shayi ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini kofi, ya ce, "Mushe, cikin mutum huɗun nan, mace ɗaya na ji." Na ce masa wannan ba hujjar ilimi ba ce. Ya ce shi ma ba hujja ya kawo ba, ƙidaya ya yi.

Daga nan aka buɗe aji a gida, kullum bayan isha'i. Mai ɗakina mace ce mai haƙuri, kuma ina zargin tana son kallon ikon Allah. Nakan kunna muryar, ina fassara mata jimla jimla. Matar ta ce a rufe ido a ga kai a bakin teku. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ni ban taɓa ganin teku ba." Ni ma ban taɓa gani ba, sai dai ban ga amfanin sanar da ɗaliba haka ba. Na ce to ta ɗauka tana bakin Gulbin Kaba. Ta ce can ai ba ruwa, rairayi ne da goruba da ƙaya. Na ƙara sautin igiyar ruwan don ta shiga yanayi, ta kasa kunne, ta ce wannan ai ƙarar suyar ƙosai ce, kuma ga shi na tayar mata da kwaɗayi. A daren nan sai da na fita neman ƙosai a garin da ba a soya shi sai da safe.

Amma fa hanyar tana aiki, wannan ni shaida ne. Matar nan ba ta taɓa sauka daga "saki kafaɗunki" zuwa "saki gwiwoyinki" ina farke ba. Sai dai in ji kiran assalatu, an lulluɓe ni da zane, salula ta mutu, ɗalibar kuma ta riga ta hura wuta. Nakan ce mata nuni nake yi mata na yadda ake nutsewa. Takan ce, "Ai na gani, Malam, maƙwabta ma sun ji." Ashe ba minsharin kaɗai suka ji ba. Ba a jima ba labari ya zagaya rijiya cewa wata Nasara tana kiran Mushe a waya kowane dare, tana yi masa raɗa, matarsa da tsohon ciki tana zaune tana ji.

Da ciki ya shiga wata bakwai, dangi suka zo ɗaukar ta goyon ciki zuwa ƙauyensu a ƙasar Gazawa, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Na so in ce darasi bai ƙare ba, ba wanda ya tambaye ni. Sai na zana jadawali a bayan kwali, da jan biro da shuɗi, na ɗaure a babur na bi su bayan ƴan kwanaki.

Kai ma ka san yadda suruki yake yi a gidan surukai. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya gaida mutane kansa a ƙasa, ya ajiye goro ya tashi. Maganar ciki, ballantana na fari, ko da wasa ba ta fita daga bakinsa. Ni kuwa na ce ina son ganin Inna, uwar mai ɗakina, a kan batun naƙuda. Aka yi tsit. Ta zauna a bayan zana, ta sa ƙanwar mai ɗakina a tsakani, don ita ba za ta yi wannan zance da ni baki da baki ba. Na jingina kwali, na yi bayanin tsoro da ɗaurewa da zafi. Na zo kan numfashin da mutanen Lamaze suke kira na ɗan kwikwiyo, wato gajere gajere, da sauri, a saman ƙirji. Da na ga yarinyar ba ta gane ba, sai malantaka ta motsa. Na cire tabarau, na buɗe baki, na zaro harshe, na shiga haki a tsakar gidan surukaina. Yara suka hau katanga. Wata tsohuwa da ke sussuka ta ajiye taɓarya ta fara salati.

Muryar Inna ta fito daga bayan zana, ba hayaniya. "Ki tambayi Malam, shi ya taɓa haihuwa?" Yarinyar ta juyo ta tambaye ni, kamar ban ji ba. "Ki ce masa tara na haifa a ɗakin can a kan gwiwata, ba wanda maƙwabta suka sani sai da suka ji kukan jinjiri. Ki kuma tambaye shi, itacen wankan jego fa, ya tanada?" Kwana arba'in ake dafa wa mai jego ruwa, safe da yamma, kuma itacen a wuyan miji yake. Ni ko kara ɗaya ban saya ba. Na naɗe kwalina na yi sallama.

A kan hanya na yi ta faɗa wa kaina cewa haka aka yi wa duk masu kawo sabon abu. Ka dai lura da kasuwar da na kai hajata: na je sayar da shiru ga matan da tun suna ƴan mata ake gaya musu cewa wadda ta yi kuka a kan gwiwa ta ja wa uwarta abin gori har abada.

Ranar da abin ya zo ba wanda ya aiko mini. Sai wani ƙaninta da na daɗe ina sanya wa kuɗin waya don ya zama ɗan leƙen asirina ya kira ni da tsakar dare, ya ce tun jiya da hantsi take fama, ta ɓoye har wa Inna, yanzu gwaggonta ta ce a tafi likita. Na hau babur, rairayi ya kayar da ni, na tashi, na same su a hanya. Tana kwance a amalanken shanu, Gwaggo tana riƙe da kanta, ni kuma ina biye a ƙasa ina tura babur da hannu ɗaya, ɗayan na ɗaga salula sama, teku tana kaɗawa a tsakiyar gonakin hatsi. Mai amalanke ya roƙe ni in kashe, wai shanun suna tsarguwa.

A ƙofar ɗakin haihuwa na gyara tabarau, na tari sajfam, wato ungozomar likita, da Faransanci. Na ce Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta yarda da dabarun numfashi da sakin jiki, ta kuma ce a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Ta amsa mini da Hausa. "Gaskiyarka, Mushe. Wanda ta zaɓa." Ta juya ta ce, "Ƙanwata, wa kike so ya shiga da ke?" Mai ɗakina ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta nuna Gwaggo. Aka rufe ƙofa, saura kaɗan ta kama mini hanci.

Na koma ƙarƙashin dogon yaro, wurin mai gadi da wasu tsofaffin mata masu jiran nasu. Sai dabara ta faɗo mini: in tsaya a gindin taga in yi numfashin da ƙarfi, ta ji ta bi. Na fara da na hankali, ina ƙirga huɗu a shaƙa, shida a saki. Ciki shiru. Shirun nan ya fi kowane ihu ban tsoro, littafin kuma bai ce komai a kan mai jira a waje ba. Can na ji nishi guda ɗaya, mai nauyi, daga muryar da na sani. Nan take bakin teku ya ɓace mini, Gulbin Kaba ma ya ɓace, na koma kan ɗan kwikwiyo. Ina haki, ina ƙara sauri, yatsuna suka fara tsiyayar ƙaiƙayi, leɓɓana suka mutu, fitilar mai gadi ta rabu biyu tana rawa. Shaidu sun haɗu a kan cewa ihu ɗaya ne aka yi a gidan likitan nan a duk daren, kuma "Wayyo Inna!" ne, kuma daga mai gemu ya fito.

Na farka a kan benci, an ɗaga ƙafafuna a kan katan, riga sharkaf da ruwan buta, hula ta yi nata waje, majo, wato malamin jinya, yana awon tansiyona. Tsofaffin nan sun zagaye ni. Ɗaya ta ce, "Sannu, ɗan nan, Allah ya raba lafiya." Na tambaya ko an kusa. Suka ce ai tuni, mace ce, har an yanke cibi.

Da gari ya waye sajfam ta zauna kusa da ni tana cika karne. Ta ce hakin da na yi ne ya kore iskar da jini ke buƙatar ya riƙe, shi ya kawo jiri, kuma saboda haka ne masu koyarwa da yawa suka daina koya shi. Ta ce numfashi a hankali abu ne mai kyau, ita ma tana koya wa mata a wurin awon ciki, yana rage firgita. "Amma ba ya buɗe ƙugun da ya yi wa kan yaro kaɗan, ba ya tsayar da jini. Ni masu ihu ba sa ba ni tsoro, Mushe. Masu dauriya ne ke zuwa mini bayan kwana biyu, yaro ya gaji, uwa ta tashi da yoyon fitsari." Ta ce tun zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa, amma fiɗa sai an kai mace babban asibiti, kuma ba a yi wa wadda ba ta iso ba. Abin da suke gaya wa ƙauyuka shi ne kada rana ta fito wa mai naƙuda sau biyu tana gida. "Ga ka da baki, ga fada. Ana yin makarantar magidanta, wadda ta faro daga Damagaram, irin wannan suke yi wa maza bayani. Da can ka kai bakin." Na ce zan duba jadawalina.

Itace dai na saye shi a gaggauce, a farashin da mai amalanke ya ga dama, don ya ji labarina kafin in iso. Ranar suna, an yanka rago, an raɗa suna, sai ga taubasaina sun fito daga cikin gida a jere, ɗaya da ƙwaryar kunun kanwa, ɗaya da akushin ƙauri, suka dire a gabana cikin taron maza, suka ce rabon mai jego ne. Kakar mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko an dafa mini ruwan wankana, ko sai an ƙaro ganye. Na sha kunun, tunda ni na sayi kanwar.

Bayan arba'in, da ta dawo ɗakinta, na jira har ta kwantar da yarinya, na tambaye ta cikin natsuwar mai bincike ko darasin ya yi mata amfani. Ta ce numfashin hankali ya taimaka tsakanin murɗa da murɗa, kuma Gwaggo ma abin da take ta faɗa mata ke nan a kunne, ita da ba ta taɓa jin sunan Lamaze ba. Ta yi shiru, ta ƙara da cewa akwai lokacin da ta ji kamar ranta zai fita, sai ta tuno ni a tsakar gidansu da harshe a waje, dariya ta kama ta, jikinta ya saki. Na rubuta wannan a littafina a matsayin nasarar hanyar.

Muryar Bafaransar tana nan a salulata. Duk magidancin da barci ke yi wa wuya, ya same ni a fada bayan isha'i in zuba masa. Kyauta ne, amma ya zo da tabarmarsa.