Laccar da Babu Ko Gyaran Murya

Akwai lambobin da masana lissafi ke ji da su saboda taurin kai: ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 13. A 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya cusa wata ƙatuwa cikin wannan dangi. Ka jera 2 har guda 67, ka ninka su, ka cire 1, za ka samu 147,573,952,589,676,412,927. Karanta ta da ƙarfi, in numfashinka ya kai.

Sama da shekara 200 maganar tana nan, don wa zai bar harkokinsa ya bincika? Sai a 1876 Édouard Lucas ya tabbatar lambar tana rabuwa, amma bai san da wace lamba ba. An san akwai ɓarawo a gari ke nan, ba a san gidansu ba.

A 1903, a taron masana lissafi a New York, aka kira Farfesa Frank Nelson Cole. Yadda ake ba da labarin, ko uffan bai ce ba. Ya ɗauki alli, ya lissafa lambar a gefe guda na allo, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Amsa ta zo cif. Ya koma ya zauna, wuri ya kaure da tafi. Wai ranakun Lahadi na shekara uku aikin ya cinye masa.

Don Allah, masu karɓar makirfo a taro su ce "a taƙaice", a kai musu labarin Cole.