Yadda Za Ka Je Kallon Tafki Kai Kaɗai Ka Dawo da Mutuncinka

Bahaushe ba ya tafiya a banza. In ka gan shi a tasha da jaka, ɗayan huɗu ne: fatauci, biki, gaisuwar mutuwa ko neman ilimi. Shi ya sa daren da na ce wa mai masaukina a unguwar Aboabo ta Kumasi gobe zan je tafkin Bosumtwi ni kaɗai, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ƙare mini kallo. "Kifi za ka saro?" Na ce a'a. "Akwai wanda ka sani a can?" Na ce babu. "To me za ka je yi?" Na ce kallo. Ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Malam, ka baro Tiga da Bagauda a Kano ka zo har Ghana kallon ruwa? Allah ya sawwaƙe."

Na je, na dawo. Ga abin da na koyo, don mai niyya ya sha wahalar da ba ta kai tawa ba.

Na ɗaya: tanadi dalili tun kafin guzuri

Kada ka kuskura ka ce shaƙatawa za ka je. Ka gyara murya ka ce "bincike". In an matsa, ka zazzage musu cewa tafkin yana kwance ne cikin ramin da wani ƙaton dutse ya haƙa da ya faɗo daga sama, shekara sama da miliyan ɗaya da ta wuce, cewa faɗin ramin ya haura kilomita 10, kuma tartsatsin narkakken dutsen har ƙasar Kwaddibuwa aka tsinto shi. Ka ƙara da cewa a 2004 masana sun zo sun yi ta haƙa ƙasan tafkin, a 2016 kuma UNESCO ta sa wurin cikin yankunan da take kula da halittunsu. Da ka ambaci UNESCO za a ƙyale ka. Wani ma zai fara kiran ka Dakta.

Na biyu: kaya

Babbar riga ta zauna a gida, haka takalmin zuwa Juma'a. Ka ɗauki takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha, hula, darduma da abin cajin waya. Buta kuwa fanko za ka riƙe ta, inda za ka ba a rasa ruwan alwala. Idan jakar da ka zo da ita irin mai zane-zanen nan ce da ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983, ka riƙe ta hannu bibbiyu, amma kada ka kira ta da sunanta a ƙasar nan. Ka ce "buhuna".

Na uku: mota

Tsakanin Kumasi da tafkin kusan kilomita 30 ne, kudu maso gabas. A takarda tafiyar ɗan lokaci ce. A tasha kuwa, motar hayar da suke kira trotro ba ta san agogo ba, cika kawai ta sani. Ka nemi ta Kuntanase, daga can ka shiga tasi zuwa ƙauyen Abono da ke bakin ruwa. Kafin trotron ta cika ka sayi waakye ka ci, shinkafa da wake ce ta yi ƙaura ta sake suna. Ka haddace "medaase", wato na gode da yaren Twi, ka riƙa raba ta kamar goro. Sannan ka kame bakinka. Ni na yi ƙorafin matsi da Hausa a hankali, ina ganin ba mai ji, sai matar da kwandonta ke kan gwiwata ta ce, "Yi haƙuri ɗana, an kusa."

Na huɗu: kada gangara ta yaudare ka

Sauran tafkunan kan dutse da safe ake shan wahalarsu, a hau a gaji, da yamma a gangaro. Shi wannan bashi yake bayarwa. Tuddai ne suka kewaye shi kamar bakin akushi, ruwan na can ƙasa. Daga kan tudu za ka hango shi shimfiɗe, faɗinsa wajen kilomita 8, zuciyarka ta ce ka sallami mai tasi ka ƙarasa a ƙafa. Na bi zuciyata. Na gangara ina fito, ina gaida manoma, ina ji kamar ɗan shekara ashirin. Da la'asar tudun ya zo karɓar bashinsa har da riba. Don haka ka karɓi lambar mai tasi kafin ka yi masa ban kwana, kuma ka yi masa ban kwanan mutunci.

Na biyar: ruwan yana da masu shi

A wurin Asantawa tafkin nan mai tsarki ne. Suna ba da labarin wani maharbi da ya biyo barewar da ya harba har ta shige ruwan ta ɓace, kuma suna cewa rayukan matattu nan suke biyowa su yi sallama. Ba a ce ka yarda ba, an dai ce kada ka buɗe wa'azi a bakin ruwan mutane. Bisa al'ada ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, shi ya sa masunta ba sa shiga kwalekwale. Wani faffaɗan katako suke hawa, padua, su zauna a kai kamar mai hawan jaki, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana warware raga a kan katakon nan, bai ko karkata ba, kai ka ce a kan tabarma yake. Za a yi maka tayi ka gwada. Ka tuna zurfin tafkin ya haura mita 70, kai kuwa iyakar iyonka kududdufin bayan gari ne lokacin damina. Ka ce medaase. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na shida: hoto

Nan ne mai tafiya shi kaɗai yake gane darajar aboki. In ka miƙa hannu ka ɗauki kanka, hancinka zai cinye rabin tafkin. In ka ba wani yaro wayar, zai ɗauki sama da kan hularka sau goma sha biyu. Ka kuma zaɓi lokaci. Da hunturu hazo yakan rufe tuddan, ka dawo da hoton da ba shi da bambanci da bangon ɗaki. Ranar hutun ƙasa kuwa matasan Kumasi sukan cika Abono da lasifika, ka baro hayaniyar kasuwar Kejetia ka tarar ta riga ka zuwa. Ka je tsakiyar mako.

Na bakwai: zauna

Wannan shi ne mafi wuya. Bayan ka gama hoto, ka ci soyayyar karfasa, ka yi azahar, za ka ga ba sauran abin yi. Ba wanda zai ce "mu tafi", ba wanda za ka yi musun ƙwallo da shi. Minti goma na farko hannunka zai yi ta laluben waya. Ka daure. Can za ka fara lura da kututturan itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Tafkin ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, sai abin da rana ta ƙafar, saboda haka in ruwan sama ya yi yawa shekara da shekaru yakan hauro ya ci gonaki, har ƙauyuka su matsa sama. Ni dai a nan na tarar da kaina zaune awa biyu ban yi magana da kowa ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka raɗa mini suna. Ashe ban da surutu ma akwai abin da ke cikin kaina.

Na takwas: kada ka koma hannu rabbana

Kafin ka bar Abono ka sayi kifi, a ƙunshe maka da kyau. Na isa Aboabo bayan isha'i, ƙafafuna kamar na aro, na miƙa wa mai masaukina ƙunshin ban ce uffan ba. Ya buɗe, ya sunsuna, fuskarsa ta washe. Ya ƙwala wa uwargida kira ta kawo yaji, sannan ya juyo gare ni. "Haba Malam! Ai da tun jiya ka ce kifi za ka sayo, da ba mu tsaya dogon zance ba."