Akwati Ɗaya, Doka Biyu

Akwatin da ya tashi daga Kano salin-alin zai iya sauka a Landan ya zama mai laifi, alhali ko ƙullin yaji ba a ƙara masa ba. Kamfanin jirgin farko ya ce akwati biyu, kowanne kilo 23, Allah ya kiyaye hanya. Na biyu, da za a ci gaba da tafiya da shi, irin masu tikitin araha na Turai, ya ce alherinsa bai wuce 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera ba. Sauran sai da kuɗi.

Masu jiragen sun san da rigimar. Ƙungiyarsu ta IATA ta kafa ƙa'ida a 2011: idan tikiti ɗaya ne, dokar kamfanin da ya ɗauki babban zangon tafiyar ake bi. Amurka kuwa, da yake ba a yi mata jagora, ta yanka tata: tafiyar da ta fara ko ta ƙare a ƙasarta, dokar kamfanin zangon farko ce har a sauka.

Duk wannan gatan mai tikiti ɗaya ne. Wanda ya yanki biyu daban-daban don neman sauƙi, shi zai kwashi kayansa a tsakiyar hanya, ya sake bin layi, a sake aunawa. A nan za ka ga dattijo ya jibga riguna uku, ya ɗora babbar riga, yana ta gumi, tunda ba a auna abin da ke jikin mutum.

Kafin ka karɓi saƙon daddawar maƙwabta, karanta abin da aka rubuta a tikitinka.