Zuwa ga Bazazzagi, Wanda Aka Ƙera Waya Dominsa

Malam Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga yaronsa. Ina fatan tsaki bai yi tsada ba, rama da yakuwa kuma suna samuwa, don na san ranar da fate ya yanke a Zariya, ranar za mu gan ku a tashar Unguwa Uku da ƙullin kayanku.

Labari ya iso mana cewa ka yi sabuwar waya, babba, mai ido uku a baya, kuma daga Ƙofar Doka har Kwangila babu wanda ba ka nuna wa ba. An ce ko hannu za a ba ka, sai ka tsaya ka mayar da ita hagu a hankali, yadda kowa zai ga bayanta. Allah ya sa ka more ta lafiya. Ko da a PZ ka biya kuɗin, ka tambayi mai shagon inda ya saro ta, za ka ji an ambaci Farm Centre ko titin Beirut na nan Kano. Amma ba gori ya kawo ni ba. Albishir na zo yi maka: na yi nazarin wayar hannu ciki da bai, na gano cewa duk wata dabara da injiniyoyi suka cusa mata, halinka suka duba suka yi ta. Ga hujjoji.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi. Layi kaɗai a lokacin sai mutum ya ajiye wajen naira dubu 20, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya. Ko sallama kawai ka yi ka kashe, hamsin ta tafi. Bakano ya ga haka ya yi lissafinsa: ya kira Legas, ya ji farashin kaya, ya ajiye kafin minti ya cika. Kai kuwa in ka kira, sai ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Malam, yaya aka ji da baƙin shekaranjiya, har kati ya ƙare ba ka iso ga abin da ya sa ka kira ba. Dole ta sa ka koma filashin: waya ta yi ƙara sau ɗaya, ka katse, ka harɗe kana jira a biyo ka. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, jama'a suka ce an sauƙaƙa wa talaka. Mu dai mun san wanda aka sauƙaƙa wa, domin tun daga ranar kiranka ya koma kalma biyu: "Kira ni."

Sai kuma babbar ni'imar da ta sauko muku a 2013, lokacin da WhatsApp ta kawo saƙon murya. Nan Bazazzagi ya samu mumbari kyauta, babu ladan, babu mai ce masa lokaci ya yi. Mutum yana tsakiyar ciniki a Kantin Kwari, dila a gabansa, mai saye yana taya, sai waya ta yi tsuwa. Ya duba, ya ga saƙonka, tsawonsa ya zarce minti goma. Ya kara a kunne. Da farko gyaran murya ne. Sai sallama cikakkiya mai tajwidi. Sai gaisuwa gida-gida, har da ta maƙwabcin da ya tashi daga unguwar tun bara. A tsakiya a ji ka juya kana cewa, "Kai yaro, rufe ƙofar nan, kaji za su shigo." Sai ka dawo ka ce, "Ina ma na tsaya?" ka sake farowa daga gaisuwa. Sai ka gyara wa mutum wata kalmar Larabci da ya faɗa ba daidai ba tun ƙaramar salla. Can a daƙiƙa biyar na ƙarshe, murya ta yi ƙasa: "Dama cewa na yi ko akwai ɗan wani abu a hannunka zuwa ƙarshen wata."

Kukan Kanawa ya kai inda ya kamata. A 2021 kamfanin ya sa maɓallin ƙara sauri, wanda ke ninka gudun magana sau ɗaya da rabi ko sau biyu. Ranar an yi murna a kasuwa. Yanzu hudubarka rabin lokacinta take ci, kuma abin mamaki, babu abin da ke raguwa a ma'anarta.

Mun samu makami, amma kai tuni ka samu naka. A watan Nuwamban 2014 aka fito da makin nan biyu shuɗaye masu nuna an karanta saƙo, ba a daɗe ba aka ba da damar kashe su. Kai ne mutum na farko a Arewa da ya gano inda maɓallin yake. In ƙarshen watan nan da ka yi alkawari ya zo, aka rubuto maka "Malam, yaya maganarmu?", sai makin ya tsaya toka-toka har sati, alhali ana ganin ka kana sauya hoton sitatus safe da yamma. To bari in fasa maka ƙwai. Kashe makin ba ya aiki a guruf, can duk wanda ya tura saƙo yana iya duba waɗanda suka karanta. Kuma wanda ya ɓoye nasa karatun, shi ma ba zai ga waɗanda suka leƙa sitatus ɗinsa ba. Na san wannan ya fi yi maka ciwo, domin me amfanin ɗaukar hoto da babbar riga a ƙofar fada in ba za ka ƙirga masu kallo ba? Haka nan goge saƙo ga kowa, da aka kawo a 2017: kana gogewa yana barin shaida cewa an goge wani abu, mu kuma mun riga mun karanta tun daga saman sikirin.

Zancen layi biyu kuwa, nan ne za ka yarda cewa da gaske ake kallon halin mutane kafin a ƙera musu kaya. Tecno da itel da Infinix duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006. Mutanensa sun zo Afirka sun zuba ido. Suka ga mutum da waya biyu ko uku a aljihu, saboda kiran layi iri ɗaya ya fi arha, kuma inda sabis ɗin wannan ya ɗauke, na wancan yana kamawa. Suka ga wuta ba ta zama. Suka ga mutane na son rediyo da sifika mai ƙarfi da tocila. Sai suka haɗa duka a waya ɗaya mai sauƙin kuɗi, har suka yi mai cin layi huɗu. Da wannan suka kai ga riƙe kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, suka bar manyan kamfanonin da suka raina mu suna kallo. Bakano ya karɓi layi biyu ya raba su: ɗaya na kasuwa, ɗaya na gida. Kai ma ka raba naka: ɗaya na karɓar bashi, ɗaya na ranar biya, wanda kullum a kashe yake.

Da ka ƙara na uku a ɓoye, sai Allah ya kawo Truecaller, manhajar wasu mutanen ƙasar Suwidin. Ita ba duba take yi ba. Sunayen da masu amfani da ita suka ajiye a wayoyinsu take tattarawa, in baƙuwar lamba ta kira ka ta nuna maka yadda jama'a suka rubuta mai ita. Ka yi tsammanin za a ga "Sheikh" ko "Dakta". Abin da ke fitowa a wayoyin Kano shi ne "Bazazzagi kar a ɗauka". Hukumar NCC ma ba ta manta da kai ba: da ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya a 2023, ta ware *310# don duba kuɗi, *311# don sa kati, *303# don aro. Biyun farko ka manta su, ta ukun kuwa ko cikin barci aka tashe ka za ka karanto ta.

Mu zo kan idanun nan uku da kake taƙama da su. A yawancin wayoyi masu matsakaicin kuɗi, ido ɗaya ne ango, sauran 'yan rakiya ne. Babban shi ke ɗaukar hoton. Ƙananan, masu megafiksel 2 ko ƙasa da haka, ɗan taimako suke yi wajen dusashe bayan mutum, wani lokacin ma ado ne kawai. Adadin da aka rubuta a kwali, 50 ko 108, ba shi kaɗai ke kawo kyan hoto ba. Girman na'urar da ke karɓar haske da manhajar da ke gyara hoton sun fi shi tasiri. Transsion ta yi suna ne da saita kyamararta yadda fuskar baƙin mutum za ta fito sarai, ko da yamma ta yi. An yi wannan wahala don ka fito yadda Allah ya yi ka. Kai kuma ka shiga ka murɗe filta har ƙarshe, ka fito fari sol, babu gezar tsufa ko ɗaya. Hoton da ka tura wa guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, mutum uku suka tambaya ko ɗanka ne.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinka shi ne rubutu. A garinku aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a garinku aka zauna aka daidaita rubutun bokon Hausa da haruffansa masu lanƙwasa, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa. Kullum kuna cika mana kunne da birnin ilimi. Amma allon rubutun Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ ɗinsa, saiti ne na minti ɗaya, ba ka taɓa kunna shi ba. Ka bar na Turanci yana yi maka gyaran dole, yana juya maka gaisuwa zuwa abin da ko Bature ba zai gane ba. Ɗan tireda a Kurmi ya fi ka rubuta Hausa daidai, don shi ya san harafi ɗaya na iya ɓata lissafi.

Sannan kullum kukanka caji. Batirin wayarka ya kai 5000 mAh, ya ninka na tsohuwar Nokia 3310 sau biyar, amma waccan tana kwanaki, taka kafin la'asar ta yi ja. Ba sammu ba ne. Ka ƙure hasken sikirin don na nesa ya san waya ce babba, kuma sikirin shi ne kan gaba wajen shan caji. In sabis ya yi rauni, waya ƙara ƙarfi take yi tana neman ƙarfen sabis, nan ma caji ke tafiya. Ga shi kana ajiye ta a gaban mota cikin ranar Afrilu, alhali zafi shi ne babban makashin batiri. Sai ka kai wa mai caji a bakin titi, ka ja benci ka zauna gadi, kana leƙawa ko ta cika, har ya gaji ya ce ka bar kuɗin.

Na san raddin da kake tanadi: ai a Kano ake ƙwacen waya. Allah ya shirya, ya kuma kare mu baki ɗaya. Masifa ce da ba ta san Bakano ko Bazazzagi ba. Tunda kai yarona ne, amanarka na wuyana, saurara. Ɓarawon yanzu ba wayar kaɗai yake so ba, layin yake nema. Ya cire shi ya sa a 'yar ƙaramar waya, ya danna lambobin banki, ya kwashe abin da ke asusu kafin ka isa gida. Zanen yatsa da ka sa a fuskar waya bai hana wannan ba. Ka shiga saiti ka sa wa layin kansa lambar sirri, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Ka kiyaye, in an yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, don haka ka nemo katin a ƙasan akwatin littattafanka. Ka danna *#06# ka kwafe lamba 15 ta IMEI a takarda, ita ce shaidar wayarka in ta ɓata. Kuma duk wanda ya kira ka da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, za a rufe maka asusu sai ka karanto lambar da aka turo maka yanzu, ka kashe. Banki ba ya neman wannan lamba a waya. Na fi ji maka tsoron wannan, domin ɗan damfara in ya ce maka "Allah ya gafarta Malam" sau biyu, har BVN ɗin maƙwabta za ka karanto masa.

To ka ji. Mutanen Sin sun yi maka layi biyu, na Amurka sun yi maka mumbari, hukuma ta ware maka lambar aro. Abu ɗaya ya rage da injiniyoyi suka kasa ƙirƙirowa, wato maɓallin da za a danna Bazazzagi ya biya bashi, kuma an ce ana kan bincike. Kafin su gama, lambar asusuna tana nan a saƙon da ka ce ba ka gani ba. In kana da raddi, fili naka ne a fitowa ta gaba, amma a rubuce, kuma kada ya wuce shafi ɗaya, don edita ba shi da maɓallin ƙara sauri.

Naka har kullum,
Ubangidanka Bakano.