Goma Na Ce Masa

Har yanzu kunnena na hagu ƙugi yake yi, saboda haka duk mai zuwa yi mini jaje ya biyo ta dama.

Motata tsohuwa ce 'yar Jamus, ta biyo ta Kwatano, injinta lita 1.8 da turbo. A da in na taka totur a hanyar Zariya sai in ji ta manna bayana da kujera. Kwanan nan kuwa in na taka sai ta yi wani dogon huci, ta saki baƙin hayaƙi, 'yan adaidaita sahu su wuce ni suna leƙe. Mai kwamfuta ya jona na'urarsa ta fitar da P0299, wato iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda ake so. Na ɗaura geji a siririn tiyon da ke bayan totur na hau titi. Allurar da ya kamata ta kai psi 8 ko 9 ta tsaya a 4 tana karkarwa.

Aikin turbo ba wani sihiri ba ne. Hayaƙin da zai fita ta salansa ne ke juya wata farfela, sama da juyi 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke zuƙo iska tana danna ta cikin tiyo. Iskar ta bi ta intakula ta huce, sannan ta shiga injin. Abin haushin shi ne na'urar da ke ƙirga iskar tana gaban turbo, tun daga ƙofa take ɗaukar lissafi. In iskar ta zurare a hanya, kwamfutar motar ba ta da labari, fetur ɗin cikakkiyar iska za ta ci gaba da zubawa. Ina sayen mai da tsadarsa ana ƙona shi don iskar da ta riga ta koma gari.

Gwajin gano ramin a tsaye ake yin sa, mota a kashe. A zare tiyon da ke shiga turbo daga wajen filta, a toshe bakinsa da murfin bututun roba irin na masu aikin famfo, wanda aka huda aka dasa wa bawul ɗin taya, a ɗaure da kilif. A buɗe murfin baƙin mai don kada iska ta taru a cikin injin. Sai a hura psi 10, a tsaya, a zuba wa allura ido. In ta sauka a hankali, lafiya lau, don dole kaɗan ta sulale ta cikin injin. In ta faɗo nan take, a fesa ruwan omo a gaɓoɓin tiyo, inda kumfa ta tashi nan ɓarnar take. Murfi mai inci 3 na samo a Ƙofar Ruwa, ruwan omo yana gida. Iska kaɗai na rasa, ita kuwa mai facin bakin titinmu yana da tanki guda.

Na kai motar wurinsa. Ina buɗe bonet jama'a suka taru, don a Kano buɗaɗɗen bonet katin gayyata ne. Maigidan wurin ya tafi masallaci, yaronsa ne a kan aiki. A teburin mai shayi da ke gefe kuwa akwai wani dattijo da rawani, tsohon direban tirela, wanda ya ce ya yi Kano zuwa Legas tun titin yana falle ɗaya. Ya taso da kofinsa ya leƙa injin, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan dunƙulen ƙarfen me yake yi a nan?"

Na ce, "Turbo ne, Baba."

"Na ƙasar sanyi ne. Cire shi ka yar, kamar yadda muke cire tamostat. Mota ta sha iskar Allah kai tsaye."

Na yi masa bayanin farfela da intakula, har da tarihin Alfred Büchi, injiniyan Suwizalan da ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. Na lura jama'a na gyaɗa kai, sai na ƙara ɗaga murya. Baba ya bari na gama tsaf, ya kurɓi shayi, ya ce, "To in yoyo ne, ƙwai za ka fasa mata. Ɗanye, guda biyu. Lagireto nawa na toshe da ƙwai tsakanin Jebba da Mokwa."

Na ce, "Baba, lagireto ruwan zafi ne a ciki, shi ke dafa ƙwan ya toshe ramin. Nan iska ce."

"Ruwa da iska duk halittar Allah ne," in ji shi. "Rami kuma rami ne."

Na juya wurin yaro. Ya riƙo tiyon injin iskarsa ya ce, "Oga, nawa?" Na ɗaga yatsu duka na ce, "Goma. Goma kawai, kada ka wuce." Ya ce an gama. Na ba wani almajiri gejin ya riƙe, na gyara zaman hulata, na ɗauki gorar omo, na sunkuya na kai kunnena dab da murfin don in ji ta inda huci zai fito.

Akwai lissafin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Murfi mai inci 3, faɗin fuskarsa ya kai murabba'in inci 7. A psi 15, ƙarfin da ke tura shi waje ya kusa kilo 50, buhun siminti ke nan rataye a kilif ɗaya. A psi 40 ya haura kilo 120. Tayar mota psi 30 da 'yan kai take sha, tankin mai faci kuwa yakan tara sama da 100.

Na ji huci ya fara, siriri, daga can ƙasa wajen intakula. Na buɗe baki zan ce wa jama'a, "Kun ji ko?" Kafin in rufe baki sai duniya ta tsage.

Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Wani abu fari ya gifta ta gefen kuncina. Ruwan omo ya cika mini ido da hanci. Sai na tsinci kaina a hayin kwata, rub da ciki, takalmi ƙafa ɗaya, kuma akwai wata murya da ke ta kwarara ihu tana "Wayyo Inna! Wayyo Inna!" Na ɗan jima ina tausayin mai wannan murya kafin in gane daga maƙogwarona take fitowa. Ni da furfura a gemu, ni da 'ya'ya a jami'a, ni da na gama koyar da unguwa tarihin 1905.

Kwatar nan, na koma na dube ta da kyau daga baya, ba ta tsallakuwa ga mai shekaruna. Mai shayi ya rantse bai ga lokacin da ƙafata ta bar ƙasa ba, ya ce yana ganina a sunkuye sai ya gan ni a can. Mai sayar da rake ya ce a'a, shi ya gani sarai, kuma wai a sama na fara kiran Inna, ban jira na sauka ba. Almajirin da ke riƙe da geji ya ce allura ta zagaya har ta daki ƙusar da ke tare ta, shi ya ɗauka haka ake so. Wata mata da ke wucewa da tallan awara ta ce, "Bawan Allah, sannu, da ka bari ka tashi tukuna, zanen wandonka ya rabu." Ban san wando na da zane ba sai da na shafa bayana.

Hulata kuwa, zanna bukar ce sabuwa, ta hau rumfar mai faci ta zauna daram, bakinta sama. Kowa na kallonta, babu mai dariya tukuna. Shirun nan ya fi ƙarar ciwo. Sai wani yaro can baya ya maimaita, da siririyar murya, daidai yadda na yi: "Wayyo Inna." Daga nan titi ya ɓarke. Har mai adaidaitar da ya taka birki don ya ɗauka harbi ne ya kifa kai a kan sitiyari yana bubbuga shi.

Na miƙe na nufi yaron mai faci ina ɗingishi. "Ba goma na ce maka ba?"

Ya ware ido, tsakaninsa da Allah. "Wallahi Oga ban kai ba. Ina bakwai ya tashi."

Ƙirgawa yake yi. Ɗaya, biyu, uku, da tiyo a danne.

Baba kaɗai ne bai motsa ba. Yana nan a tsaye inda na bar shi, kofi a hannu, ko ɗigo bai zube ba. Ya dubi injin, inda tiyon intakula da ke da ɗan tsagu a da yanzu ya yi baki har hannu zai shiga, ya ce, "To ai ga ramin nan ka gani. Aikin naka yana ci." Sannan ya nuna mini teburin mai shayi da haɓa. Murfina na Ƙofar Ruwa ya tsallake benci, ya bar tukunya, ya bar burodi, ya sauka a tsakiyar kiret ɗin ƙwai na sama. Mai shayi na tsaye a kai yana ƙirga ɓarna da yatsa, gwaiduwa na bin ƙafar tebur.

"Tun da dai kai za ka biya," in ji Baba, "kawo kofi a tara. Biyu kawai take buƙata."