Ɗan Azawak a Birnin Paris

Taubashina,

Zancen gida mun gama shi a waya. Aiki ya samu. Wata tsohuwa nake kula da ita, ita da karenta. Riƙe dariyarka tukuna.

Karen nan ɗan Azawak ne, irin dogayen nan masu shafaffen ciki da ke bin Buzaye zuwa kasuwar Keita. A nan ya zama basarake. Yana da fasfo, da likitansa, da inshora, da rigar sanyi. In ya yi kashi a titi, mutum da girmansa zai duƙa ya kwashe a leda. Kai da ka bi karen maƙwabta da hoge har bayan garin Buza don ya lashe maka fura, gode wa Allah da ba ka zo ba. Dokar Faransa ta 2021 ta ce mai yar da karensa na iya shan shekara 3 a kurkuku da tarar yuro 45,000, wato sefa miliyan 29 da ɗoriya. Buhun albasa nawa za ka loda daga Madawa kafin ka biya? Har maƙabartar karnuka gare su a Anyer, bakin kogin Sen, tun 1899, kaburbura da rubutu da furanni. In ka shiryu zan nema maka gadi a can.

Kwanan baya karen ya ƙi cin abinci. Tsakar dare muka ɗauki tasi zuwa wurin likitansa, aka ɗebi jininsa, aka yi masa hoto. Ina zaune sai na tuna daminarmu, yadda ake ɗora yaro mai zazzaɓi a amalanke ana neman asibiti, in ƙorama ta kawo sai a jira. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa tsohuwar, in gobara ta tashi, yaron maƙwabta ko karen? Ta ce yaron mana, sai hawaye. Ƴaƴanta sai Kirsimeti suke kira, karen kaɗai ke jiran ta farka. Ran ɗan Adam ba shi da tsara, a kan wannan nake har gobe, amma ban sake yi mata tambayar ba. Ni ma da yamma karen nake yi wa Hausa, kuma ya fi ka saurare.

Kuɗin da na aiko na gidan sauron yara ne, a saya kafin ruwa ya sauka. In na ji sun koma kilishi, da ni da kai ne.

Taubashinka